Zan yi wata uku kusa da Tokiyo: wane bikin bazara ne ya cancanci kuɗin jirgi?

Malamin Gona, Auyo

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Da fatan an tashi lafiya, ya zafi, ya kuma aikin rani?

Ni malamin gona ne a yankin Auyo, shekarata tara ina zagaya fadamun shinkafa a kan babur. Cikin ikon Allah sunana ya fito a cikin waɗanda za su je Japan kwas na noman shinkafa, a wani gari da ake kira Tsukuba. Za mu sauka a mako na uku na Maris, mu kai har tsakiyar Yuni.

Takardar da aka ba mu ta nuna Asabar da Lahadi babu aji, babu gona. To ni ban saba zaman ɗaki ba, ko ranar da ba aiki sai na leƙa kasuwa, ban san yadda zan yi da kwana biyu cur kowane mako ba. Wani abokin aikina ya ce Tokiyo ba ta da nisa daga can, kuma wai lokacin ne suke bukukuwansu na bazara, har da wani fure da duk ƙasar ke fita kallo. Na duba a waya na ga hotuna, bishiyoyi sun yi fari fat kamar an watsa musu auduga. Sai dai bayanan duk na masu tallar yawon buɗe ido ne, komai suka ɗauko sai su ce shi ne ya fi, ba ka gane na gaske.

Guzurin da za a ba mu ba wani mai yawa ba ne, kuma ina so in dawo da ɗan abin da zan rufe ɗakin da na fara tun bara. Saboda haka ba kowane mako zan iya shiga birnin ba, ƙila sau huɗu ko biyar. Waɗanne ranaku ne bai kamata su wuce ni ba?

Sai maganar Baba. Da na je na gaya masa batun tafiyar, ya riƙe hannuna ya ce ya ji labari mutanen can gumaka suke bauta wa, kada in kuskura in tsoma ƙafa cikin tsafinsu. Na ce to, in sha Allahu. Amma gaskiya ban san ina kallo ya tsaya ina shiga ta fara ba. Ga kuma batun abinci a wajen taro, da inda mutum zai yi sallah idan lokaci ya riske shi a tsakiyar gari.

Uwargida kuma ta ce tunda bazara ce ba sai na ɗauki rigar sanyi ba, har ta haɗa min yadi marasa nauyi kala huɗu. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka min, Allah ya ba da lada.

Dattijon Kadawa, Kura

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa a je a sa'a, ya kuma sa ilmin ya amfani manomanmu. Na je wannan garin a 2019, shekara biyu kafin in ajiye aiki, don haka zauna ka sha labari.

Ka fara gaya wa mai ɗakinka ta kwance jakar nan. Kalmar bazara ce ta ruɗe ku, kamar yadda ta ruɗe ni. Mu a nan bazara ita ce lokacin da ƙasa ke gasa tafin ƙafa, ana kwana a tsakar gida ana jiran hadari. Tasu kuwa fitowa ce daga hunturu. A ƙarshen Maris da asuba sanyin yakan sauko digiri 5 ko 6, ga iska, ga yayyafi mai ratsa ƙashi. Ni da shadda da 'yar shara na sauka, kwana biyu ina karkarwa kamar ɗan tsako, sai da na sayi rigar sanyi da kuɗin da na so in yi tsaraba da su. Sai a Mayu ne yadinka zai yi rana.

Hanya ba ta da wuya. Akwai jirgin ƙasa da ake kira Tsukuba Express, mai saurin cikinsu minti 45 yake yi zuwa tashar Akihabara da ke cikin Tokiyo, kuma kafin ya kai can yana tsayawa a Asakusa, unguwar da rabin abin da zan gaya maka yake faruwa. Zuwa da dawowa ya haura yen 2,000, ka sa wannan a lissafi.

Furen sunansa sakura, fita kallonsa kuma hanami. Shawarata ɗaya ce a kansa: Asabar ɗin farko da ka ji an ce ya buɗe sosai, tafi, ko da gajiyar hanya ba ta sake ka ba. Kada ka ce bari in huta sai mako mai zuwa. Abin kamar tumatir ne a kwando, ba ya jiran ciniki. Shekarar da muka je, hukumar kula da yanayi ta sanar da buɗewarsa a Tokiyo ranar 21 ga Maris, ya cika ranar 27. Wani abokin tafiyarmu ya yi ta jan ƙafa har mako na biyu na Afrilu, ya je ya tarar da ganye, furen yana ƙasa ana takawa.

Yadda ake sanarwar ma abin kallo ne. Akwai bishiya guda a harabar wurin ibadar Yasukuni da hukumar ta ware. Ma'aikata su zo su tsaya a gindinta suna ƙirga fure, 'yan jarida kewaye da su, idan suka ga biyar ko shida sun buɗe sai a shelanta wa gari. Ni dai abin da ya faɗo min a rai shi ne duban wata.

Tunda kai malamin gona ne, ga abin da zai fi burge ka. Ka san dalilin da ya sa dubban bishiyoyi ke buɗewa kusan rana ɗaya su kuma zube tare? Yawancinsu iri ɗaya ne, Somei Yoshino, kuma ba daga ƙwallo ake shuka shi ba, aure ake yi masa kamar mangwaro. Wato duk reshen uwa ɗaya ne aka yi ta yaɗawa tun ƙarni na 19. Furen yana riga ganye fitowa, shi ya sa bishiyar ke yin fari fat. Kuma ba ta ba da 'ya'yan da za a kai kasuwa. Na tsaya a lambun Ueno ina lissafin da mangwaro ko goba aka dasa a wannan fili buhu nawa za a samu, sai na yi wa kaina dariya, na ce kai dai manomi ba ya hutu.

A Ueno za ka ga an shimfiɗa tamfol shuɗi a gindin bishiyoyi, iyali da abokan aiki sun baje abinci. Kamfanoni ma sukan tura ƙaramin ma'aikaci tun da safe ya je ya kama wuri, shi kaɗai zaune a kan tamfol kamar mai gadin shanya. Idan aka gayyace ka, cire takalmi kafin ka hau, tamfol ɗin nan tabarmar ɗaki ce a wurinsu. Amma ka sani ana shan giya sosai a wurin, musamman da yamma ta yi. Ka je da hantsi ka fito kafin la'asar.

To ni a nawa ganin, fure an gani, sau ɗaya ya isa. Abin da har yau nake ba jikoki labari shi ne dawakai. A wata Asabar ta tsakiyar Afrilu ana yin yabusame a lambun Sumida da ke bakin kogi a Asakusa. Mahayi ne cikin kayan mayaƙan da, ya saki linzami gaba ɗaya, doki na sukuwa a miƙaƙƙiyar hanya, shi kuma ya zaro kibiya ya harbi allunan katako guda uku da aka kafa a jere, ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin allo da allo 'yan daƙiƙu ne, a ciki zai zaro wata kibiyar, ya ɗana, ya ja. Idan ya samu sai ka ji ƙwas, allon ya tarwatse, jama'a su ɗauki sowa. Ni da na taso ina kallon hawan daushe na san mahaya, na ga masu jahi da ke tsayar da doki cak a gaban sarki, amma sakin linzami a guje da hannu biyu a kan baka, wannan sai da na miƙe tsaye. Dawakan ba su sha ado irin namu ba, babu kwalkwali babu lifidi, mahayin ne ke shan kwalliya. Kujerun kusa na kuɗi ne kuma suna ƙarewa da wuri, ka tambayi masu kula da ku tun kana sauka.

Daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu hutu ne ke bin hutu, su suna ce masa makon zinariya. Namu ma ya kai kwana 10 a jere, don a lokacin ne Sarki Akihito ya sauka daga gadon sarauta ranar 30 ga Afrilu, ɗansa Naruhito ya hau washegari. Kada ka kashe kuɗinka a Tokiyo a wannan makon, cunkoso ne kawai. Ka zauna a Tsukuba ka ari keke ka fita ƙauyukan gefe, lokacin dashen shinkafa ne. 'Ya'yan da ke aiki a birni kan dawo gida su taya iyaye, kamar yadda namu 'yan cirani ke dawowa da faɗuwar damina. Za ka ga tsoho ɗan shekara saba'in shi kaɗai a kan injin dashe, an jera masa iri a faranti, kafin azahar ya gama abin da mu sai mun tara mutum ashirin. A saman gidaje kuma ga tutocin kifi na yadi suna kaɗawa, na bikin yara ne na ranar 5 ga Mayu.

Babban kuwa shi ne Sanja Matsuri, ƙarshen mako na uku a Mayu, Juma'a zuwa Lahadi, a Asakusa. Asalinsa tunawa ce da mutum uku: wasu masunta biyu 'yan uwan juna da aka ce a shekarar 628 komarsu ta kamo wani ɗan gunki a kogin Sumida, da dattijon garin da ya karɓa ya mai da gidansa wurin bauta. Daga nan haikalin Sensoji ya samo asali. Abin da ake ɗauka sunansa mikoshi, ɗan ƙaramin ɗaki ne na katako mai ruwan zinariya, da tsuntsu a ƙololuwa, an ɗora shi a kan manyan sanduna. Ranar Asabar unguwanni 44 ke fito da nasu, wajen ɗari. Ranar Lahadi da sassafe ake fito da manyan guda uku, kowanne nauyinsa ya kai tan guda, wato buhun shinkafa ashirin mai kilo hamsin, a kafaɗar mutane. Ba tafiya kawai suke da shi ba, girgiza shi suke yi da gangan, suna ihun "soiya, soiya", mai gajiya ya zame wani ya shiga ba tare da an sauke ba. Na ga wani dattijo ya tuɓe riga yana shan iska, a kafaɗarsa akwai kanta ta kumbura kamar ƙwallon goruba, irin ta tsofaffin 'yan ga-ruwa amma ta fi. Alfahari yake da ita.

Kowace unguwa da kalar rigarta da tambarinta a baya, yara ma da nasu ƙaramin. Mutanen unguwa ne ke haɗa kuɗi, za ka ga an liƙa takardun sunayen waɗanda suka bayar a allo a bakin titi. Wannan ya tsaya min a rai, don na tuna kalankuwar da ake yi a ƙauyenmu muna yara, da yadda ta mutu a hannunmu muna jiran wani ya ɗauki nauyi.

Akwai kuma Kanda Matsuri a tsakiyar Mayu, kusa da Akihabara, amma babban nasa sai shekarar da ta faɗa mara, kamar 2019 da 2023 da 2025. Ka duba taka shekarar. In kuɗi na sau huɗu ne, ni zan raba su haka: fure, dawakai, Sanja, na huɗun ka bar shi don masallaci da kasuwa.

'Yar Ringim a Tokiyo

Sannu Yaya, Allah ya kawo ku lafiya. Baba na Kura, Allah ya ƙara girma, kun gama magana, sai dai in ɗan tsinci abin da ya zube. Shekarata ta uku ke nan ina karatu a nan.

Ranar buɗewar furen tana yawo, kada a riƙe ta Baba. A 2023 tun 14 ga Maris aka sanar, a 2024 kuwa sai 29 ga wata. Idan kun sauka kun tarar ya wuce, ba a yi asara duka ba: a lambun Shinjuku Gyoen akwai wani iri mai cunkushen fure, kalar hoda, da ke kai wa tsakiyar Afrilu. Kuma da izinin Baba, ni can zan tura ka maimakon Ueno. Ana biyan yen 500, amma an hana shiga da giya, har jaka ake dubawa a ƙofa lokacin furen. Za ka zauna a kan ciyawa hankali kwance, ba mai tangaɗi a kanka. A 'yan shekarun nan ranakun Asabar da Lahadi na tsananin cunkoso sai an yi rajista ta intanet, ka duba kafin ka taso.

Abinci a rumfunan biki: taliyar da ake soyawa a faffaɗan ƙarfe, yakisoba, ƙamshinta zai ja ka, amma yawanci da naman alade ake yin ta. Miyar da ake shafa wa gasasshen nama da kifi kuma sau da yawa akwai mirin a ciki, wani ruwan shinkafa ne mai giya. Ni dai gasasshen dankali nake saye, ko in dafa ƙwai in taho da shi da burodi da dabino. Sannan don Allah Yaya ka riƙe wannan: a yarensu "buta" alade ke nan. Kada lokacin alwala ya yi ka shiga shago kana tambayar buta, abin da za a miƙo maka ba zai yi maka daɗi ba. Ka taho da 'yar ƙaramar taka daga gida, ko ka yi da gorar ruwa.

Masallaci akwai ɗan ƙarami a Asakusa, Darul Arƙam, ana iya takawa da ƙafa daga haikalin. Babban shi ne Tokyo Camii kusa da tashar Yoyogi-Uehara, ginin Turkawa, an buɗe na farko a 1938 aka sake sabo a 2000, kuma akwai kantin kayan halal a jikinsa. Fita ta huɗun da Baba ya ce, ka haɗa shi da lambun Yoyogi, ba nisa. Kusan kowane ƙarshen mako a wannan lokacin akwai wani taro a filin, shiga kyauta, ciki har da bikin mutanen Tailan da ake yi a Mayu. In kana son nama da kayan yaji, akwai wani lungu a Shin-Okubo da shagunan Musulmi suka cika. Ranakun Asabar da Lahadi daga tsakar rana kuma ana rufe babban titin Ginza, babu mota sai masu tafiya a ƙasa, har kujeru ake fitarwa tsakiyar kwalta. Kallo kyauta ne, amma kada ka tambayi kuɗin komai a shagunan wurin in kana son ka rufe ɗakin nan.

Wani abu da ba a faɗa wa baƙi: daga Fabrairu zuwa Afrilu ƙurar furen wasu itatuwan katako da aka dasa da yawa bayan yaƙin duniya na biyu tana cika iska. Atishawa, ido na ƙaiƙayi, kamar hazon hunturu amma ba ka ganinsa. Shekarar farko ban ji komai ba, ta biyu ce ta kama ni. Ka ajiye takunkumi a aljihu. Ka kuma ajiye leda, don kwandon shara ba shi da yawa a titi, kowa da sharar sa yake komawa gida. Jirage ba sa kwana suna aiki, wajen tsakar dare suke tsayawa, kai mai komawa Tsukuba ka duba lokacin na ƙarshe tun da rana.

Malam na Jahun

Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma ina ganin tambayar da ta fi nauyi ita ce aka fi wucewa da sauri, wato amanar da mahaifinka ya ba ka.

Fure halittar Allah ce, kallonsa ba laifi, mai tunani ma lada zai samu. An umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba. Harbi a kan doki ma gwaninta ce da ba baƙuwa ba a wurinmu. Amma abin da Dattijon Kadawa ya kwatanta na ɗauka a kafaɗa, ai bayaninsa ya nuna ba wasa ba ne kurum, su a aƙidarsu abin bautarsu suke sakawa a ciki su zaga da shi gari don ya sa albarka. To wannan ibada ce, ko da masu ɗaukar da yawa nishaɗi ya kawo su. Kada ka sa kafaɗa, kada ka sa rigarsu ta bikin, kada ka jefa kuɗi a akwatin haikali ko ka rusuna ko ka tafa kamar yadda za ka ga suna yi, kada kuma ka sayo layunsu da sunan tsaraba. Ni da ni ne, ranar ma ba zan je ba, zan yi zamana. Wannan ra'ayina ne, ban ce kowa sai ya bi ba. Ka zauna da malamin da mahaifinka ya yarda da shi kafin ka tafi, ka faɗa masa abin yadda yake, domin hankalin tsoho ya kwanta.

Kuma ka girmama mutane a ƙasarsu. Ƙin shiga daban, wulaƙanci daban.

Dattijon Kadawa, Kura

Allah gafarta Malam, ban ƙi ta taka ba ko kaɗan, iyakokin da ka ja su na tsaya a kai. Bari in faɗi yadda tawa ta kasance, shi yaron ya auna.

Shekarar da na je, azumi ya kama ranar 6 ga Mayu, saboda haka da ƙishirwa a baki na kalli Sanja. Alfijir a can wajen ƙarfe uku yake ketowa a watan, rana kuma ba ta faɗuwa sai bakwai saura. Na sa babbar riga da hula ƙube, na samu gindin wani shago na jingina. Kafin a jima na zama abin kallo ni ma, mutum ya fi goma da suka roƙi mu ɗauki hoto. Can sai ga mikoshin wata unguwa ya karyo kwana, taro ya matso ni har bango, wani saurayi jiƙe da gumi ya kamo hannun rigata yana dariya yana nuna min sandar, wai in shigo in taɓa. Karramawa ce a wurinsa, na gane. Na dafa ƙirji na girgiza kai, na ce masa Musulmi ne ni. Ya saki rigar nan take, ya ɗan sunkuya, ya koma cikin 'yan uwansa. Ba wanda ya harare ni. Da yamma na lallaɓa masallacin da 'yata ta ambata, muka sha ruwa da 'yan Bangaladash da 'yan Indunisiya.

Abin da ya sa nake ganin malamin gona zai ƙaru ko daga nesa ya tsaya: ranar Juma'ar bikin akwai wata tsohuwar rawa, binzasara, da ake yi da wasu 'yan faya-fayan katako da aka jera a igiya suna ƙara. Rawar kwaikwayon dashen shinkafa ce, roƙon amfanin gona ne a al'adarsu. Wato a tsakiyar birnin da ba ka ganin ko kunya ɗaya ta gona, da ka tona bikin sai ka tarar da manomi a ƙasa. Mu mun san wanda muke roƙo idan ruwa ya yi jinkiri, amma fargabar da ke cikin manomi a bakin shuka iri ɗaya ce.

Na manta da kokawa. Daga Lahadi ta biyu ta Mayu ana gasar sumo ta kwana 15 a Ryogoku. Tikiti yana wuya, ni a talabijin na kalla, manyan karawa daga ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma. Kada ka sa ran kiɗa da kirari irin na gidan dambe. Ƙattai biyu za su yi ta watsa gishiri suna harare-harare na mintoci, kokawar kanta sau da yawa ba ta kai daƙiƙa goma ba. A tamu shekarar wani mai suna Asanoyama ne ya ci, har Trump ya je ranar ƙarshe ya miƙa masa kofi.

Malamin Gona, Auyo

Kai, madalla. Baba na Kura, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Allah gafarta Malam, na ɗauki shawarar, gobe bayan magariba zan je wurin limamin unguwarmu tare da Baba, in karanta musu abin da ku biyun kuka rubuta, duk abin da suka yanke a kan Sanja shi zan bi. Fure da dawakai dai na riga na sa su a littafi.

Ƙanwata ta Ringim, maganar buta ta sa uwargida dariya har da riƙe ciki, yanzu haka ta aiki yaro ya sayo 'yar ƙarama ta roba. Jakar ma an kwance. Sai dai a nan ana neman rigar sanyi a wannan zafin mai gwanjo kallon mara lafiya zai yi min, amma zan gwada kasuwar Hadejia ranar Lahadi.

Saura abu ɗaya. An ce agogonsu yana gaban namu da awa takwas, ke nan idan ina gindin furen da hantsi nan gida tsakar dare ne, ba zan iya kiran Baba ta bidiyo ya gani da idonsa ba. In na dakata zuwa ƙarfe uku na yamma, daidai bakwai na safe a nan, ya dawo daga masallaci ya karya. Lambun da kika ce ana biyan yen 500, ƙarfe nawa suke rufe ƙofa?